Karyewar Babban Daidaito a Nazarin Tsirkiya da Tantanin Duniya

GABATARWA

Tun daga shekarar 1974 akwai wata matsala da take ci wa masana ilmin fiziks tuwo a ƙwarya. Wani lissafi mai kyawun tsari da ke hannunsu ya nuna cewa kowace ɗaya daga cikin ƙananan ƙwayoyin da aka gina duniya da su tana da abokiyar tagwaicinta. Amma ga shi an shekara hamsin ana neman waɗannan tagwaye da manya-manyan na'urori, ba a yi katarin ganin ko guda ba. Saboda haka cikin biyu dole a sami ɗaya: ko dai lissafin bai dace da wannan duniya ba, ko kuwa akwai abin da ya shiga tsakanin tagwayen, ya ɗora wa ɗaya nauyin da ya fi ƙarfin na'urorin da ake da su. Wannan rabuwa ita ake kira karyewar babban daidaito.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana ma'anar daidaiton, da dalilin da ya sa tilas ya karye, da kuma hanyoyin da nazarin tsirkiya ya kawo na karya shi. Duk inda aka ce duniya a nan, ana nufin sararin samaniya dukansa, da taurarinsa, da ƙasar da ake takawa, da abin da ke tsakani.

MA'ANAR DAIDAITO DA KARYEWARSA

A wajen masu lissafi, abu yana da daidaito idan an juya shi ko an sauya masa wuri amma ya zauna yadda yake. Wannan tunani ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake tsara hatimi. Idan aka jera lambobi daga 1 zuwa 9 a hatimi mai gida tara, kowane layi zai ba da 15. A juya hatimin gabas ko yamma, a kifa shi, jimlar tana nan 15. Lambobin sun sauya wuri, ƙa'idar ba ta motsa ba.

A 1918 wata Bajamushiya masaniyar lissafi, Emmy Noether, ta tabbatar da cewa irin wannan daidaito a dokokin halitta shi ne asalin abubuwan da ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. Da yake dokar da ta yi aiki jiya ita ce za ta yi aiki gobe, makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. Da yake kuma dokar da ke aiki a Zurmi ita ce ke aiki a Shinkafi, abin da ke tafiya ba ya rasa ƙarfin tafiyarsa sai wani abu ya karɓe shi.

To, ana iya samun doka mai daidaito amma abin da ya auku ba shi da shi. Idan aka tsai da taɓarya a kan gindinta a fili aka sake ta, babu abin da ya fifita gabas a kan yamma, ko kudu a kan arewa. Duk da haka ba za ta dawwama a tsaye ba, sai ta faɗi, kuma jiha ɗaya za ta faɗa. Wanda ya zo daga baya ya tarar da ita kwance ta fuskanci gabas zai iya zaton gabas tana da wata daraja, alhali kuwa babu. Haka al'amarin ƙarfe yake. Idan maƙeri ya gasa shi ya wuce awo 770 na ma'aunin zafi, ƙananan maganaɗisun da ke cikinsa sukan fuskanci ko'ina, mayen ƙarfe ba ya kama shi. Da ya huce sai su zaɓi jiha su jeru.

Da wannan dabara ce Steven Weinberg a 1967, da Abdus Salam na ƙasar Pakistan a 1968, suka nuna cewa ƙarfin lantarki da ƙarfi mai rauni na cikin cibiyar zarra asalinsu ɗaya ne, karyewar daidaito ce ta raba su. Ƙwayar haske, watau foton, ta zauna ba ta da nauyi. 'Yan'uwanta biyu da ake kira W da Z suka yi nauyin furoton 86 da 97. An ba su kyautar Nobel tare da Sheldon Glashow a 1979, sa'an nan aka ga ƙwayoyin W da Z a cibiyar bincike ta CERN a 1983, da nauyin da lissafi ya faɗa.

JINSI BIYU NA ƘWAYOYI

Ƙananan ƙwayoyi jinsi biyu ne. Na farko su ne famiyon, kamar ilektaron da kwak, waɗanda da su aka gina jikin kowane abu. Halinsu shi ne biyu ba sa zama a matsayi ɗaya, kamar yadda Wolfgang Pauli ya gano a 1925. Tamkar rumfunan kasuwar Shinkafi ne: wanda ya zo ya tarar da mai rumfa a ciki, sai ya nemi ta gaba. Saboda wannan ne ilektaron suke jeruwa hawa-hawa a cikin zarra, kuma wannan jeri shi ya bambanta gishiri da kanwa, da ƙarfe da zinariya. Jinsi na biyu su ne boson, kamar foton, waɗanda ke ɗauke da ƙarfi daga wannan ƙwaya zuwa waccan. Su kam dubu nawa ne ma suna iya taruwa a matsayi ɗaya.

Babban daidaito, wanda masana ke kira sufasimetiri, da'awa ce cewa idan aka musanya jinsin nan biyu, dokokin halitta ba za su sauya ba. Kowane famiyon yana da boson ɗan tagwaicinsa, kowane boson yana da famiyon nasa, nauyinsu ɗaya, cajin lantarkinsu ɗaya. Golfand da Likhtman suka fara rubuta shi a Mosko a 1971, Volkov da Akulov suka biyo baya a 1972, sa'an nan Julius Wess da Bruno Zumino suka daidaita masa zama a 1974. A wannan shekara kuma Abdus Salam da John Strathdee suka ƙago hanyar lissafin da ake bi wajen nazarinsa har yanzu.

Lalle ne daidaiton ya kasance karyayye, domin dalili biyu. Na farko, da abokiyar ilektaron tana da nauyin ilektaron, da an gan ta tuntuni; gwaje-gwajen da aka kammala a CERN a shekarar 2000 sun nuna cewa idan ma akwai ta, ta ninka ilektaron nauyi kusan sau 200,000 ko fiye. Na biyu ya fi wannan girma. Da nauyinsu ɗaya ne, da ilektaron da ke hawan sama na zarra sun rikiɗe sun zama boson, su gangara hawan ƙasa su cunkushe. Da haka ta faru, da babu ruwa, babu hatsi, babu jini, gama haɗuwar sinadarai duka ta dogara ne ga wancan jeri.

DALILIN RIƘO DA SHI

Mai karatu zai iya tambaya, abin da ba a taɓa gani ba, don me ba a bar shi ba? Amsar tana cikin wani lissafi da kowane ma'aji zai gane. Ƙwayar Higgs, wadda aka gano a CERN aka ba da sanarwa ran 4 ga Yuli, 2012, tana da nauyin furoton 133. Amma lissafi ya nuna cewa kowace irin ƙwaya tana da abin da take zubawa a asusun wannan nauyi: boson suna ƙarawa, famiyon suna ragewa, kuma abin da kowacce ke zubawa yana iya kai lamba mai gida fiye da talatin. A ce mai binciken kuɗi ya buɗe littafin baitulmali ya ga kuɗin shiga lamba mai gida talatin da 'yan kai, kuɗin fita ma haka, ma'aikata dabam-dabam suka rubuta ba tare da shawara ba, amma da aka ɗebe sai saura kwabo ɗaya. Ba zai yarda cewa dace ne ba, zai nemi dalili. Babban daidaito shi ne dalilin da aka kawo: kowane shiga yana da fitarsa daidai, domin tagwaye ne suka rubuta su. Idan daidaiton ya karye kaɗan, saura kaɗan zai rage. Idan ya karye da yawa, matsalar ta dawo. Shi ya sa aka sa rai tagwayen ba za su wuce nauyin furoton dubu da nisa ba.

Dalili na biyu, awon taurari ya nuna cewa abin da ake gani da ido da na'ura kashi 5 ne kawai cikin 100 na abin da duniya ta ƙunsa. Kimanin kashi 27 wani ɓoyayyen abu ne mai nauyi wanda ba ya fid da haske, kuma mafi sauƙin nauyi a cikin tagwayen nan zai iya zama shi ne. Dalili na uku shi ne nazarin tsirkiya, wanda ba ya tsayuwa sosai sai da babban daidaito.

TSIRKIYA DA TANTANI

Mai gurmi da tsirkiyarsa yakan fid da amo iri-iri, gwargwadon inda ya danna. Nazarin tsirkiya ya ce haka ƙwayoyi suke: abu ɗaya ne, wata 'yar tsirkiya, kaɗawarta ce take bambanta. Wannan kaɗawa ilektaron, waccan foton. Ƙanƙantarta kuwa ta wuce misali, gama a yawancin ƙiyasi sai an raba mita gida 1 mai sifiri 35 a bayansa kafin a kai tsawonta. Nazarin ya samo asali daga wani lissafi na Gabriele Veneziano a 1968. A 1974 Joel Scherk da John Schwarz suka lura cewa ɗaya daga cikin kaɗe-kaɗen tsirkiyar ita ce ƙwayar ƙarfin janyowa, watau ƙarfin da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, wata kuma ya kewaya ƙasa. A 1984 Michael Green da Schwarz suka nuna cewa lissafin ba ya karo da kansa.

Sai dai akwai sharaɗi. An san duniya da fuska huɗu: tsawo, faɗi, tsayi, da lokaci. Tsirkiya kuwa tana bukatar fuska goma. Sauran shida, in ji masu nazarin, a naɗe suke, ƙanana ƙwarai. Layin dogo da ya iso Ƙauran Namoda a 1929 ya isa misali. A wajen direban jirgi, dogo fuska ɗaya ce, gaba ko baya. Amma tururuwar da ke kan ƙarfen tana iya kewaya kaurinsa ta dawo inda ta taso. Fuskar tana nan, girman jirgi ne ya hana shi saninta. Theodor Kaluza a 1921 da Oskar Klein a 1926 su suka fara kawo wannan tunani.

A 1995 Joseph Polchinski ya nuna cewa bayan tsirkiyoyi akwai wasu abubuwa masu shimfiɗa, waɗanda za a kira tantani, kamar tantanin da ake rufe bakin kalangu da shi, ko na kotso irin wanda Ibrahim Narambaɗa na Tubali ya yi suna da shi. Tantanin ganga yana da fuska biyu, amma na wannan nazari yana iya samun uku ko fiye. Tsirkiya mai baki biyu dole bakunanta su manne a jikin tantani, tana zamewa a kansa amma ba ta barinsa. Tsirkiyar da ta haɗe ta zama zobe ba ta da bakin da za a riƙe, saboda haka tana yawo ko'ina. Daga nan aka ce, watakila duniyar da ake gani tantani ce mai fuska uku a cikin wani sarari mafi girma. Ilektaron da kwak da haske tsirkiyoyi ne masu baki, ɗaure suke. Ƙwayar janyowa zobe ce, tana fita. Arkani-Hamed da Dimopoulos da Dvali a 1998, da Lisa Randall da Raman Sundrum a 1999, sun yi amfani da wannan wajen bayyana raunin janyowa, wanda tsakanin ilektaron da furoton ƙarfin lantarki ya ninka shi sau 1 mai sifiri 39 a bayansa.

HANYOYIN KARYEWA

Hanya ta farko ta Scherk da Schwarz ce, ta 1979. Idan boson ya kewaya naɗaɗɗiyar fuska yakan dawo yadda ya tafi, amma ana iya tsara lissafin yadda famiyon zai dawo a juye. Wannan bambanci yana ba su nauyi dabam-dabam, kuma gwargwadon ƙanƙantar fuskar, gwargwadon girman bambancin.

Hanya ta biyu ita ce ta ɓoyayyen tantani. A 1995 da 1996 Petr Horava da Edward Witten suka siffanta duniya mai tantani biyu, suna fuskantar juna, da 'yar tazara a tsakani. A kwatanta su da gaɓa biyu na gulbin Gagare lokacin da ya cika da damina. Mutanen wannan gaɓa ba sa iya ƙetarewa, na can ma haka, amma idan tsadar hatsi ta auku a can, masu fito za su kawo labarinta, farashi ya motsa a nan. A wannan siffa daidaito yana karyewa ne a wancan tantani, janyowa kuma ita ce mai fito. Amfanin haka shi ne karyewar tana isowa da sauƙi, kuma Randall da Sundrum sun nuna a 1998 cewa tazarar tana iya hana wasu rikiɗe-rikiɗen ƙwayoyi waɗanda gwaji ya riga ya nuna ba sa aukuwa.

Hanya ta uku ta fito daga halin tantanin kansa. Tantani guda yana kiyaye rabin babban daidaito ne kawai, ya karya rabi. Akwai kuma kishiyar tantani, mai caji akasin nasa, wadda ke kiyaye ɗaya rabin. Idan aka haɗa su a sarari ɗaya, abin da wannan ya kiyaye waccan ta karya, ba abin da zai saura. Haka kuma idan tantani biyu suka gitta juna a karkace, kamar yadda Berkooz da Douglas da Leigh suka bincika a 1996. A 1999 Shigeki Sugimoto na Japan, da kuma Antoniadis da Dudas da Sagnotti a Turai, suka gina siffofin da sararin tsakiya yake da daidaito amma tantanin ba shi da shi. Aibin wannan hanya shi ne rashin zama lafiya, domin tantani da kishiyarsa suna jan juna, in sun haɗu kuwa su hallaka juna, sauran fuskokin ma suna iya kumbura ko su tsuke.

ALAƘA DA FAƊAƊAR DUNIYA

A 1998 ƙungiyoyi biyu na masu awon taurari suka gano cewa faɗaɗar duniya ƙara sauri take yi, abin da ya jawo wa Perlmutter da Schmidt da Riess kyautar Nobel a 2011. Bayani mafi sauƙi shi ne sarari da kansa, ko da ba kome a cikinsa, yana da makamashi, kuma shi ne sauran kashi 68. Lissafi ya tabbatar da cewa inda babban daidaito bai karye ba, makamashin sarari sifiri ne ko ƙasa da sifiri. Tun da awo ya nuna yana sama da sifiri, wannan shaida ce ta dabam cewa daidaiton, in akwai shi, karyayye ne.

A 2003 Kachru da Kallosh da Linde da Trivedi suka kawo hanya ta huɗu. Da farko a ɗaure naɗaɗɗun fuskoki shida kada su motsa, wanda ke ba da makamashi ƙasa da sifiri. Sa'an nan a ajiye kishiyar tantani a ƙarshen wani dogon maƙogwaro na sararin, inda lanƙwasar wurin take rage mata ƙarfi ƙwarai, ta karya daidaiton, ta ɗaga makamashin ya haura sifiri kaɗan. Amma wahalar tana cikin wannan kaɗan ɗin. Makamashin da aka auna bai wuce nauyin furoton huɗu ba a cikin akwati mai mita ɗaya ta kowace fuska, alhali karyewar da za ta ɓoye tagwaye tana ba da ninkinsa sau 1 mai sifiri kusan 60. Masu wannan ra'ayi suna amsawa da cewa hanyoyin naɗe fuskokin suna da yawa ainun, har ana ambaton 1 mai sifiri 500, saboda haka ba a rasa wadda ta dace. Wasu ba su gamsu ba. A 2018 Cumrun Vafa da abokan aikinsa suka kawo zato cewa nazarin tsirkiya ba ya yarda da irin wannan duniya ta dawwama, sai dai makamashin sarari ya riƙa raguwa sannu a hankali. Awon da ƙungiyar DESI ta bayar a 2024 da 2025 ya nuna alamar raguwa, ko da yake alamar ba ta kai matsayin tabbaci ba.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Babbar na'urar gwara ƙwayoyi ta CERN, wadda ake kira LHC, zobe ce mai kewayen kilomita 27, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa, a kan iyakar Faransa da Suwizalan. Ta fara gwara furoton a 2009, aka ƙara mata ƙarfi a 2015 da 2022. Ta gano Higgs, amma ba ta ga tagwai ko ɗaya ba. A siffofi mafi sauƙi, abokin tagwaicin ƙwayar da ke ɗaure kwak ya wuce nauyin furoton 2,000, watau littafin ma'aji ya fara nuna gibin da ba a so. A Jami'ar Washington ta Amurka kuma, a 2020, an auna janyowa tsakanin abubuwan da tazararsu ba ta kai kaurin gashin kai ba, kashi 52 cikin miliyan na mita, aka tarar dokar Newton tana nan daram. Wannan ya rage girman da ɓoyayyun fuskoki za su iya samu. Sa'an nan ran 17 ga Agusta, 2017, girgizar janyowa da haske daga karon wasu taurari biyu suka iso ƙasa, tsakaninsu bai kai daƙiƙa biyu ba, bayan tafiyar shekara kusan miliyan 130, kuma ƙarfin girgizar bai nuna cewa wani abu ya zurare zuwa wata fuska ba.

KAMMALAWA

A taƙaice, karyewar daidaito tabbatacciya ce a ƙarfe da kuma ƙwayoyin W da Z. Babban daidaito, da tsirkiya, da tantani, har yanzu lissafi ne wanda gwaji bai gaskata ba, bai kuma rushe shi duka ba. Ya rufe wasu ƙofofi, ya bar waɗanda tagwayen suka fi nauyi a buɗe.

Afirka tana da hannu a wannan fage. Abdus Salam ya kafa cibiyar nazarin fiziks a Tiriyeste ta Italiya a 1964 domin masanan ƙasashe masu tasowa, Jami'ar Maiduguri kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1981. A 2004 James Gates da Michael Faux suka ƙago wasu zane-zane na warware lissafin babban daidaito, suka sa musu suna adinkra, sunan alamomin Asante na ƙasar Gana. Neil Turok na Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kawo ra'ayin cewa karon tantani biyu ne mafarin faɗaɗar duniya a 2001, shi ya kafa cibiyar lissafi ta AIMS a 2003. Na'urar gwaji tana cin dukiyar ƙasashe da yawa, amma aikin da aka bayyana a nan kusan dukansa da alli da allo aka yi shi. Abin da yake bukata daga hukuma shi ne malamin lissafi ƙwararre tun daga sakandare, da ɗakin karatu, da kuɗin tallafi mai zuwa a kan kari. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, ko na jami'o'in Gusau da Sakkwato da Zariya, wanda ya riƙe lissafi da kyau, yana da ikon shiga wannan muhawara, gama tambayar inda tagwayen suka ɓuya ba a amsa ta ba tukuna.